Jirgin Khufu: Guntun Katako 1,224 Da Mutumin Da Ya Fara Da Ƙarami

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta isa su saurari sautin ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau da abin kunyata zan fara. Waɗanda suka daɗe tare da mu sun san ina da wata sana'ar dare da ba ta kawo ko sisi, wato ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako. Ba irin wanda ake sayowa cikin kwali an riga an yanka komai, kai dai mannawa ce taka ba. A'a. Ka samo ragowar katako a wurin kafinta, ka yi awo, ka tsaga da zarto, ka fere da reza, ka goge da samfefa, har jirgi ya fito. Duk wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro ya san daɗin abin. To ni dai girma bai raba ni da shi ba.

Shekara biyu da suka wuce na ce zan ƙera jirgin Khufu na Masar. Na ga hotunansa a intanet, dogo siriri, goshinsa a miƙe tsaye, bayansa a lanƙwashe. Tsawonsa mita 43 da 'yan kai, faɗinsa kusan mita 6. Na ce zan rage shi sau 50, kowane santimita ɗaya a nawa ya tsaya a madadin santimita 50 a na gaske. Hakan ya ba ni jirgi mai tsawon santimita 87. Na yi yadda na saba: na fara kafa haƙarƙarin jirgin, sannan na bi shi da siraran katakon madaci ina mannawa da gam mai kamawa nan take. Wata uku ina wannan aiki. Ya yi kyau ƙwarai, har na ɗora shi a kan kabad a falo.

Da hunturu ya kankama, wani dare sai na ji ƙas! Na haska fitilar waya, sai ga jirgi ya tsage tun daga tsakiya har kusa da goshi.

Washegari na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, wanda a wurinsa nake tsintar ragowar katako. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Ɗana, su ma masu jirgin da gam suka haɗa nasu?" Na ce, "Wallahi Baba ban duba ba." Ya ce, "To je ka duba. Katako ko an sare shi bai daina motsi ba. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Kai kuma ka hana shi wurin motsi."

Na je na duba. Abin da na tarar shi ne shirinmu na yau.

Khufu sarki ne na daula ta huɗu a tsohuwar Masar, shi ne mai babbar dalar Giza, ya yi mulki wajen shekara 2,500 da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kada a haɗa shi da Ramsis na biyu da ake yawan ambata, tsakaninsu akwai fiye da shekara 1,000. A shekarar 1954 ana kwashe tarin yashi da baraguzai a kudancin dalar, ƙarƙashin kulawar wani Bamisire mai suna Kamal al-Mallakh, sai aka ci karo da jerin manyan duwatsun farar ƙasa fiye da 40, an jera su kamar rufin ɗaki, an liƙe tsakaninsu da farin kwaɓi yadda iska ba ta shiga. Ranar 26 ga Mayu ya sa aka huda ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fara tarbarsa ƙamshin itace ne. Ya sa madubi ya tura hasken rana cikin ramin, sai ga bakin filafili, wato abin tuƙin jirgi, kwance a saman tarin katako.

Ku lura da wannan, don shi ne tushen duk wahalar da ta biyo baya: ba jirgi aka tarar a tsaye ba. Ramin mita 30 da 'yan kai ne, jirgin kuwa ya fi shi tsawo da fiye da mita 10. Saboda haka mutanen da suka binne shi sai da suka kwance shi ɗaiɗai, suka jera shi hawa 13, tare da igiyoyinsa da tabarminsa. A jikin duwatsun rufin an ga sunan Jedefre, ɗan Khufu wanda ya gaje shi, alamar cewa a zamaninsa aka rufe ramin. Da aka gama fito da komai aka ƙirga, guntu 1,224 ne. Wani bai wuce tsawon yatsa ba, wani falanki ya haura mita 20. Mafi yawansu itacen al'ul ne da aka kawo daga Labanon, domin Masar ba ta da dogayen itatuwa irin wannan.

Fitar da su kaɗai ya ci fiye da shekara guda. Wani masanin sinadarai, Zaki Iskandar, shi ya riƙa shafa wa katakon magani don kada iskar waje ta ruguza abin da ya shekara 4,500 a rufe. Kowane guntu sai an ɗauki hotonsa a inda yake kwance, an zana shi, an ba shi lamba, kafin a ɗaga.

Sai babban aikin ya faɗo kan Ahmad Yusuf Mustafa, wanda aka fi sani da Hajji Ahmad Yusuf, babban mai gyaran kayan tarihi na hukumar kayan tarihin Masar. Gwani ne a aikin hannu, amma bai taɓa ƙera jirgi ba. Kuma ka duba abin da ke gabansa. Babu taswira. Babu hoton jirgin yana haɗe. Babu ƙusa ko ɗaya da za ka bi raminta ka ce wannan a kan wannan yake. Sai dubban ramuka a jikin katako da tarin tsohuwar igiya. Kuma ba katakon kasuwa ba ne da in ka karya ka koma ka sayo wani. In ka tanƙwara falanki ɗaya ta inda bai dace ba ya karye, shi ke nan, duniya ba ta da na biyunsa.

Me aka sani game da jiragen tsohuwar Masar kafin wannan rana? Akwai zane-zanen bangon kaburbura, kamar na wani babban ma'aikacin fada mai suna Ti a Saƙƙara, inda aka nuna masassaƙa da gizago suna haɗa jirgi. Akwai jiragen Dahshur da aka tono a 1894, masu tsawon kimanin mita 10, amma sun zo bayan Khufu da ƙarnuka. Akwai bayanin Herodotus, Bagirken nan marubucin tarihi, wanda ya ce Misirawa na yanka itacen bagaruwa gajeru-gajeru su jera kamar tubali. Sannan akwai ƙananan jiragen katako da su Misirawan da kansu suka sassaƙa suka ajiye a kaburbura. Mafi shahara su ne na Meketre, wani babban jami'in fada da ya rayu wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1920 Herbert Winlock ya gano su a wani ɓoyayyen lungu na kabarinsa kusa da Luksor: jirgin tafiya, jirgin girki mai bin sa a baya da tukwane, har da ƙananan kwale-kwale biyu suna jan koma a tsakaninsu. Yau an raba su tsakanin Alƙahira da New York.

Sai dai waɗannan ƙananan jiragen suna da iyaka, kuma iyakar tasu ita ce irin tawa. Gangar jikinsu daga kututture ɗaya aka sassaƙa ta. Suna nuna maka siffar jirgi, da wurin zaman matuƙa, da yadda ake ɗaure filafili. Ba sa nuna maka yadda falanki ke kama falanki. Kamanni ne kawai, babu ginin.

To Hajji Ahmad ya yi abu biyu. Na farko, ya ajiye girmansa ya koma ɗalibi. Ya riƙa zuwa wuraren da ake ƙera jiragen katako a bakin kogin Nilu, a tsohuwar Alƙahira da Ma'adi, har Iskandariyya, yana kallon yadda maƙeran jirgi ke zaɓen katako, da yadda suke haɗa baki da baki. Hanyarsu ta bambanta da ta zamanin Khufu, amma a nan ya koyi kallon katako da idon mai jirgi.

Na biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa na kawo labarinsa, ya ƙera ƙananan kwafin guntayen. Ya auna na gaske, ya rage awon, ya sassaƙa ƙaraminsa da lanƙwasarsa da ramukansa. Falankin da sai ƙarti da yawa sun taru kafin su ɗaga, ga shi yanzu a tafin hannunsa, yana iya juya shi sau ɗari, ya gwada nan, ya gwada can, in ya karye ya sassaƙa wani. Duk kuskuren da zai yi, ya yi shi a kan ƙaramin. Sai abin da ya tabbata ne ake kai wa babban.

Ana cikin haka aka lura da wasu alamomi da aka rubuta a jikin katakon. Ashe maƙeran asali sun yi wa guntayen shaida, alama huɗu da ke maimaituwa, kowace tana nuna kashi ɗaya cikin huɗu na jirgin: dama ta gaba, hagu ta gaba, dama ta baya, hagu ta baya. Kamar dai yadda kafinta ke rubuta lamba a jikin gado kafin ya kwance shi a kai ɗakin amarya. Wannan ya rage wahala, amma bai kawar da ita ba. Sau biyar ana haɗa jirgin, ana kwancewa ana sake gyara, kuma aikin ya ci fiye da shekara 10. Sai a 1982 aka buɗe wa jama'a gidan da aka gina masa a kan ramin da aka same shi.

Yanzu ga amsar tambayar Baba kafinta. Yaya aka haɗa jirgin?

Ɗinka shi aka yi. E, ɗinki, da igiyar ciyawa da ake kira halfa. Kuma ta baya aka faro, in ka gwada da yadda ni na yi. Ni na fara da haƙarƙari na rufa masa fata. Su kuwa fatar suka fara ginawa. Jirgin ba shi da ƙashin bayan nan da ke bin ƙarƙashin jiragen Turawa, gindinsa a shimfiɗe yake da manyan falankai masu kaurin fiye da santimita 10. A gefen kowane falanki an fafe ramuka, a cusa ɗan guntun itace rabi a wannan rabi a wancan, don kada su goce wa juna. Bakin falankan ma ba a miƙe yake ɗoɗar ba, an yi masa gwiwa-gwiwa yadda wannan zai shige cikin wancan ya hana shi zamewa. Sannan ta ciki aka huda ramuka biyu-biyu da ke haɗuwa a cikin naman katakon, ba tare da sun ɓulla waje ba. Igiya ta shiga ta nan ta fito ta can, tana ratsa jirgin daga wannan gefe zuwa wancan. A kan kowace gaɓa an ɗora siririn itace an ɗaure. Sai bayan fatar ta tsaya da kanta aka sa haƙarƙari a ciki, aka ɗora dogon ginshiƙi a tsakiya da zai riƙe katakon bene. In ka tsaya a waje ba za ka ga igiya a jikin gangar da ke shiga ruwa ba.

Hikimar ita ce, in jirgi ya shiga ruwa katako ya kumbura, igiya ta ɗame, gaɓoɓi su matse. In ya bushe ya saki, ba ya tsagewa, domin an bar masa wurin motsi. Kuma jirgin da aka ɗinka ana iya kwance shi, a ɗauke shi guntu-guntu, a sake haɗawa a wani wuri. Abin da ya sa ya shiga ramin da ya fi shi gajarta ke nan.

Siffarsa kuma, wannan goshi da wannan baya masu tashi sama, kwaikwayon jirgin ciyawa ne, irin wanda ake ɗaurewa da damin papirus. Katako ne aka sa ya yi shigar ciyawa. Irin wannan jirgin ciyawa bai ɓace ba a nahiyarmu. A 1969, da Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya so gwada tsallaka tekun Atlantika da jirgin papirus mai suna Ra, daga tafkin Chadi ya ɗauko Buduma masu wannan sana'a, kuma a gindin dalar Giza suka ɗaure masa shi.

Me aka yi da jirgin Khufu? Masana sun rabu. Wasu sun ce jirgin aƙida ne, an tanade shi don sarki ya bi rana a lahira bisa imanin mutanen wancan zamani. Wasu sun ce shi ya ɗauko gawar sarkin zuwa Giza, suna kafa hujja da shatin igiya da ya nutse a jikin katako, irin wanda kan fito in itace ya jiƙa. Yana da filafili 12, goma na tuƙi, biyu na juya akala a baya, kuma babu tirken filafilan iska. A gefen raminsa akwai rami na biyu. A 1987 aka zura kyamara aka ga wani jirgin a ciki, amma iska da ƙwari sun riga sun shiga, katakon ya lalace sosai. Masana daga jami'ar Waseda ta Japan tare da Misirawa suka shafe shekaru suna fito da shi. Shi kuwa na farkon, a watan Agustan 2021 aka ɗauke shi ɗungurungum cikin wani ƙaton akwatin ƙarfe zuwa sabon babban gidan tarihin Masar da ke kusa.

Wannan dabara ta tunani da ƙaramin jirgi ba a Masar ta tsaya ba. A Ingila, a ƙarni na 17 da na 18, an riƙa ƙera ƙananan jiragen yaƙi da aka rage sau 48, ana barin ƙasan gangar babu falanki da gangan don a ga tsarin haƙarƙarin. Jiragen na gaske sun ruɓe ko sun nutse tuntuni, amma ƙananan suna nan a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, kuma daga jikinsu ake karanta abubuwa da dama da takarda ba ta ajiye ba.

To ni fa? Na koma na sake, amma na sauya shawara. A ragin sau 50, falankin jirgin bai kai kaurin milimita 3 ba, babu yadda zan huda masa rami ta ciki bai ɓulla ba. Sai na koma ragin sau 20, inda kaurin ya zama milimita 6 zuwa 7. Sai dai a wannan awo jirgin duka zai haura mita 2, uwargida kuma ta riga ta faɗa mini matsayin falonta. Don haka tsakiyar jirgin kawai na ƙera, yanki mai tsawon kamu ɗaya. Na jiƙa katakon a ruwan zafi kafin in lanƙwasa, na ɗaure shi a jikin mazubi ya kwana biyu ya bushe a haka. Ramukan da allurar ɗinkin buhu da na wasa na huda su, igiyar kuma zaren ɗinkin takalmi ne. Babu gam ko ɗigo.

A nan na gane abin da karatu bai ba ni ba. Na karanta cewa bakin falankan yana da gwiwa, na wuce abina. Sai da na ja zare na ga falankaina masu miƙaƙƙen baki suna zamewa gaba da baya, sannan na san dalilin gwiwar. Na karanta cewa fata ake fara ginawa, amma sai da na gwada na ga cewa in babu haƙarƙarin da zai yi maka jagora, to siffar jirgin dole ta kasance a cikin kanka da cikin kowane falanki tun kafin ka haɗa. Sau uku ina kwancewa. Da na gaji sai in tuna mutumin da ya yi sau biyar da katakon da ba shi da madadi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da na gama na toshe bakin yankin biyu, na sa shi a baho. Da farko ruwa ya riƙa tsattsafowa ta kowace gaɓa, har na ce an sake. Na bar shi na tafi masallaci, na dawo na kwashe ruwan, zuwa dare tsattsafin ya ragu ƙwarai. Hunturu ya zo ya wuce, zaren ya ɗan saki, katako bai tsage ba. Na kai wa Baba, ya daɗe yana murza zaren da babban yatsa, ya ce, "Yanzu ka yi jirgi. Wancan hoto ka yi."

Abin da ke damuna shi ne namu na gida. Hajji Ahmad ya samu maƙeran jirgi a bakin Nilu da zai je ya zauna a gabansu. Mu ma muna da su, a Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, da bakin Binuwai, da tafkin Chadi. Iliminsu a hannu yake da ido, ba a takarda ba. Ranar da dattijo ya kwanta dama, ɗansa kuma ya koma acaba, awon ya tafi ke nan. Wanda ya je da tef ɗin awo da littafi, ya zauna ya tambaya, ya dawo ya ƙera ƙaramin kwale-kwale yadda suke ƙera babba, falanki bayan falanki, ya ajiye wani abu da hoton waya ba zai ajiye ba.

Aikina na gaba ma na gida ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwale-kwalen da bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Ya girmi jirgin Khufu da fiye da shekara 3,000. Tsawonsa mita 8.4, an fafe shi daga kututture ɗaya na dangin madaci, kuma yanzu yana Damaturu. In ka rage shi sau 20, santimita 42 ke nan. Ga duk mai son fara wannan sana'a tamu marar riba, da shi nake ba da shawara a fara: guntun madaci ɗaya, wuƙa mai kaifi, ƙaramin abin fafe itace, samfefa, da haƙuri. Ka fafe cikin a hankali, kana ɗaga shi ga haske kana duba kaurin bangon, domin a nan ne za ka fara tambayar kanka yadda mutumin da ba shi da ƙarfe ya yi nasa.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani dattijo mai ƙera kwale-kwale a garinsu da zai yarda a zauna da shi, don Allah ya sanar da ni. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.